Solar China da na haɗa a gidana a Kubwa, Abuja, yau wata takwas

Masu tambayata yaya solar nan take, to ga amsa. Fanel huɗu ne da inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida) da batirin litiyom guda ɗaya, duk 'yan China, a wani shago a Wuse na saya. Tana ɗaukar firij da fanka biyu da talabijin, kuma in rana ta buɗe sosai har asuba batirin bai mutuwa, janareto na nan a lungu ya yi ƙura, rabona da sayen fetur na manta. Da damina kam sai a hankali, ranar da hadari ya rufe gari tun safe to wajen biyun dare za ka ji inbata na tii tii, dole a kashe firij.

Da Baba ya zo ya gani cewa ya yi "ɗan China ka zuba wa kuɗi haka?" don su a wajensu ɗan China jabu ne kawai. Na ce Baba ai zamani ya juya, sama da kashi 80 cikin ɗari na fanel ɗin duniya a can ake ƙera su, jirgin ƙasan da ya kawo ka Idu a Abuja daga Rigasa a Kaduna ma su suka gina da bashin bankinsu aka buɗe a 2016, haka tashar wutar Zungeru mai megawat 700. Ya yi shiru, can ya ce bashin fa wa zai biya? Wallahi nan ban da amsa.

Abin da ya ban haushi shi ne ciniki. Kaya daga China, amma mai shago sai da ya duba farashin dala a wayarsa kafin ya yanka min kuɗi, alhali tun 2018 Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da China ta musayar naira da kuɗinsu yuwan, har yuwan biliyan 15, ga shi a Janairun 2025 mun zama ƙawar BRICS, ƙungiyar ƙasashen da China ke ciki, amma a Wuse har yau kuɗin Amurka ne sarki.

Shawara biyu, ku sa ido kan wayar wuta. Yaron da ya haɗa min siririya ya sa, tana zafi kamar dutsen guga, sai da na sake sayen mai kauri. Kuma ku karɓi takardar garantin batir da hatimin shago kafin ku biya.