Filashin oto ko TTL, wanne ya kamata ka saya wa kyamarar fim

Kafin ka shiga neman filashi ka fara duba kyamarar da ke hannunka, domin ita ce za ta yanke maka hukunci. In Pentax K1000 ce ko Canon AE-1 ko Nikon FM2, to ka manta da zancen TTL (wato filashin da kyamara ke auna haskensa ta cikin lens) gaba ɗaya, ba sa yi, ko ka ɗora musu filashi mai tsada a banza ne.

Shi na oto idonsa a jikinsa yake, wani ɗan rami a gaba, haske ya fita ya bugi mutum ya dawo, da ya ga ya isa sai ya katse. Aikinka kawai ka saita masa ISO na fim ɗin (lambar da ke nuna saurin kama haskensa), ya ce maka misali f/5.6, wato girman buɗewar lens, ka sa haka a lens, shi ke nan. Vivitar 283 da 285 da Sunpak 383 duk haka suke, batir AA huɗu, kuma suna hawa kusan kowace kyamara mai wurin ɗora filashi.

TTL kuwa a cikin kyamara ake awon, hasken da ya bi ta lens ya faɗa kan fim ya dawo shi ake karantawa. Olympus OM-2 ce ta fara da wannan a 1975, daga baya Nikon F3 da Pentax LX da Minolta X-700 suka biyo. Amfaninsa na gaske yana fitowa ne in kana sa filta ko kana ɗaukar abu kusa-kusa ko da doguwar lens, saboda a nan idon oto yana kallon fili mai faɗi ne, bai san me lens ɗinka ke gani ba, sai ya yi ta zuba haske ko ya katse da wuri. Matsalar kuma kowane kamfani da nasa, na Nikon ba zai yi TTL a Minolta ba, ita F3 ma wurin ɗora filashinta daban ne.

Kar wani ya ce maka TTL ba ya kuskure, wallahi yana yi. Ango da farar babbar riga a gaban farin bango oto da TTL duka biyun zai ruɗe su, hoto ya fito da duhu, dole ka ƙara haske da kanka.

Ni dai in hoton biki ne ko suna ko na 'yan gida, oto ya ishe ka, kuɗin da ya rage ka sayi fim. Mai Nikon ya nemi filashin SB-24 ko SB-28, suna da oto da TTL duka biyun, amma SB-900 ba ya TTL na fim. Sannan tsofaffin Vivitar 283 wasunsu na fitar da sama da volt 200 a ƙafar da ake ɗora su a kan kyamara, K1000 ba ruwanta amma kyamara mai lantarki zai iya ƙona ta, ka sa a gwada da mita kafin ka biya, ka kuma leƙa gidan batir ko ya yi tsatsa.