Marsandi 300 SL mai fukafuki, na ganta ido da ido

Jama'a ni dai ko tayarta ban isa in saya ba, amma na tsaya a gabanta a gidan tarihin Mercedes-Benz da ke Stuttgart can Jamus har abokin tafiyata ya fara jan rigata wai mu wuce. Motar 1954 ce fa, ta girmi babana, amma wallahi in ta faka gefen motocin yanzu su ne za su ji kunya.

Abin da kowa ke magana a kai ƙofofin ne, sama suke buɗewa kamar tsuntsu zai tashi. Da na ɗauka gayu ne kawai, ashe dole ce ta sa, ƙashin motar siraran bututun ƙarfe ne aka harhaɗa don kar tai nauyi kuma sun taso sosai ta gefe, ƙofa irin tamu ba ta da wurin zama shi ne suka maida ita rufi. To nan fa rigimar take, dokin ƙofar faɗi gare shi ga tudu, sai ka zauna a kai tukun ka jefa ƙafafu ciki, har sitiyarin ma lanƙwasa shi ake yi ƙasa don gwiwa ta samu hanya. Mai babbar riga kam sai dai ya haƙura. Gilashin ƙofa ba a zuge shi, ba esi, ga zafin inji yana shigowa, kuma masu ita sun sha faɗin cewa bayanta na iya ƙwacewa a kwana in hannunka bai ƙware ba.

Amma injin, kai. Silinda 6, lita 3, ƙarfin doki 215, tana fesa mai kai tsaye cikin silinda lokacin da kusan kowa kafireto yake amfani da shi, in giyar ta dace tana kusantar kilomita 260 a awa.

Guda 1,400 kacal aka yi zuwa 1957, 29 daga ciki bodinsu alminiyon ne zalla, yawancin 1,400 ɗin Amurka aka kai su. Yau a gwanjo mai lafiya ta haura dala miliyan 1, masu alminiyon ɗin ma kar ka tambaya. Kyau da inji na ba ta 10 cif, jin daɗin zama 4 kuma don ina sonta ne.