Na kalli Une Parisienne: auren dole, amma a kan namiji

Faifan ya fi shekara yana ajiye a cikin akwatin littattafaina. Wani abokina da ya yi karatu a Faransa ne ya ba ni, ya ce in ina son kunnena ya saba da Faransancin mutanen Paris, in fara da tsofaffin finafinai, don su ba sa hadiye harafi kamar yaran yanzu. Sai daren Asabar ɗin nan, bayan yara sun kwanta, na jona shi a kwamfuta, uwargida na gefe tana ninke wanki.

Fim ɗin na 1957 ne, Michel Boisrond ya ba da umarni, kuma bai cika awa ɗaya da rabi ba. Brigitte Bardot ce tauraruwa, tana da shekara 23 lokacin da ya fito, shekara guda bayan fim ɗin Et Dieu... créa la femme na mijinta na farko, Roger Vadim, wanda ya kai sunanta har Amurka. A nan ta fito a matsayin Brigitte Laurier, 'yar firaministan Faransa, wadda son shugaban ma'aikatan ofishin babanta ya hana sukuni. Shi kuwa shugaban ma'aikatan, Michel, wanda Henri Vidal ya fito a madadinsa, ɗan duniya ne, mata ne da shi birjik, matan aure ma ba su tsira ba, gudunta yake kamar mai gudun bashi.

Inda fim ɗin ya fi daɗi shi ne daren da aka kwana a gidan gona, wurin da firaminista ya je farauta da baƙinsa. Ƙofofi ne jere a baranda, wannan ta buɗe, waccan ta rufe, mijin wata yana neman matarsa, ita tana neman Michel, Michel yana neman mafaka. Aka yi ta zagaye har uban ya tarar da 'yarsa a gadon ma'aikacinsa, a gaban shaida. Maganin abin kunya kuwa aure. A nan uwargida ta ajiye wankin ta matso. Ta ce, “Malam, wato shi aka yi wa auren dole?” Na ce ƙwarai. Ta ce ai ko a finafinanmu ba ta taɓa ganin ango yana shan kunu haka ba.

Daga nan labarin ya koma na kishi. Amarya ta gane cewa aure bai raba mijinta da tsofaffin 'yan matansa ba, sai ta yi rantsuwa za ta rama da namijin farko da ya shigo ƙofa. Wanda ya shigo kuwa yarima ne, mijin wata sarauniya da ke ziyarar aiki a Faransa. Charles Boyer ke nan, dattijo mai shekara 58 a lokacin, wanda ya daɗe da yin suna a Hollywood. A ganina shi ne gishirin rabin fim na biyu. Ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa, kallo ɗaya yake yi mata ka gane ya san wasan da yarinyar ke yi, ya kuma yarda ya biye mata don ya huta da tarurrukan fada. Ya ɗauke ta a ƙaramin jirgin sama zuwa Nice, suka yi iyo a teku, suka dawo a ranar. Da ta faɗa wa mijinta gaskiya ya ƙi yarda, ya ɗauka cika baki ne. Mura ce ta tona asiri: yarima na atishawa, ita ma tana atishawa. Mun yi dariya har na ji tsoron yara za su farka.

Na shiga kallon ne da tunanin Bardot ado ce kawai, a sa mata riga a ɗauki hoto. Adon yana nan kam. Tun fitowar farko tana tuƙa jar mota marar rufi a titin Champs-Élysées, ga rigunan Pierre Balmain, ga gashi kamar an zuba zuma. Amma ta iya ban dariya, abin da ban yi zato ba. Ta yi rawar bale tun tana ƙarama, kuma ana gani a tafiyarta: ko fushi ta yi ta juya ta fice, ƙafarta ta san inda za ta sauka. Tana turo baki irin na 'yar auta da aka hana wani abu, tana magana a sanyaye kamar wadda ta tashi daga barci, sai ka rasa ko wauta ce ko wayo. Ga mai koyon harshe kuwa muryar nan alheri ce. Kusan duk abin da ta faɗa na kama ba tare da na koma baya ba, ita da Boyer. Vidal ne ke ɗan ba ni wahala in ya fusata.

Labarin dai ba shi da nauyi, kamar alewar auduga. Ba a taɓa nuna mana dalilin da ya sa take son Michel ba, mutumin da ba ya ko sakar mata fuska, har ma yakan kai mata hannu a wuraren da aka shirya don a yi dariya. Ni ban yi ba, uwargida ma tsaki ta ja. Siyasar ma labule ce kawai. A shekarun nan gwamnati a Faransa ba ta cika shekara take faɗuwa, yaƙin Aljeriya na ci, shekara ɗaya bayan fim ɗin Jamhuriya ta Huɗu, wato tsarin mulkin ƙasar na lokacin, ta rushe, amma firaministan nan ba shi da damuwar da ta wuce ta 'yarsa. Faifan kansa hotonsa ya ɗan dushe, rubutun fassara kuma yakan makara. Sannan ba fim ba ne na zama da yara ko surukai. Babu tsiraici ƙarara, amma akwai tawul da rigunan barci fiye da yadda ake buƙata.

Akwai kuma abin da ya yi ta sukata ina kallo. Bardot ta bar fim a 1973, ta koma kare haƙƙin dabbobi, ta kafa gidauniyarta a 1986. Wannan ba laifi. Amma daga baya bakinta ya koma kan Musulmin Faransa da baƙi, har kotu ta sha kama ta da laifin hura ƙiyayya. A 2008 an ci ta tarar Yuro 15,000 saboda wasiƙar da ta rubuta kan yankan layya da waɗanda ke yin sa. Ina kallon yarinyar nan mai dariya a bakin teku, ina tuna cewa ita ce tsohuwar da ta rubuta haka game da mutane irina. Bai hana ni dariyar atishawar ba, amma dariyar ta ɗan yi ɗaci. Da na gaya wa uwargida bayan an gama, ta yi shiru, sannan ta ce to a mayar wa mai faifai faifansa.

Ban mayar ba tukuna. Ina so in sake kallon daren ƙofofin nan, akwai wata jimla da uban ya faɗa a bakin gado wadda har yanzu ban kama ba.