LEFT a Excel da Power BI: almakashi mai kaifi, amma ba shi da ido

Duk mai riƙe da rajistar ma'aikata a kamfanin jigilar alhazai a Makka, ko lissafin shago a Jidda, ya san amfanin haruffan farko na lamba. Lambar shaida a Saudiyya adadi 10 ce: ta ɗan ƙasa tana farawa da 1, ta mai iƙama da 2. LEFT umarni ne da ke ɗauko haruffan farko na rubutu, don haka da =LEFT(A2,1) kawai, wato harafi ɗaya daga abin da ke gurbin A2, za a raba mutum dubu gida biyu cikin ƙiftawar ido. Idan ba a sa adadi ba, harafi ɗaya yake ɗaukowa. Idan adadin ya wuce tsawon rubutun, ya kawo shi duka ba gardama. A DAX, harshen lissafi na Power BI, ma kusan haka ake rubuta shi, sai dai da sunan layi maimakon A2. Ta fuskar sauƙi dai ba shi da na biyu.

Matsalarsa ita ce abin da aka ajiye yake ƙirgawa, ba abin da ido ke gani ba, kuma ba ya gargaɗi.

Abin da yake dawowa da shi rubutu ne ko da kamar lamba yake. Wanda ya rubuta =LEFT(A2,1)=2 a Excel zai ga FALSE daga sama har ƙasa, ya ɗauka babu baƙo ko ɗaya a ofishin. Sai an sa "2" cikin alamar zance, ko a naɗe LEFT ɗin da VALUE, mai mayar da rubutu lamba. A nan DAX ya fi gaskiya, domin yana ƙin kwatanta rubutu da lamba, ya fito da kuskure ƙarara.

Sai lambar waya. Ta hannu tana farawa da 05, amma idan aka buɗe fayil ɗin CSV (jerin bayanai na rubutu zalla) kai-tsaye, Excel yakan ɗauke ta a matsayin adadi ya cinye sifirin farko, sai a lambar da ta fara da 0551 LEFT(A2,3) ya ba da 551 maimakon 055. Maganin shi ne a shigo da fayil ɗin ta Power Query, kayan shigo da bayanai na Excel, a mayar da layin lambobin ya zama rubutu tun farko. Ko an gyara ma, kada a rantse cewa duk 055 na kamfanin waya na STC ne, tunda mutum na iya komawa Mobily ko Zain da lambarsa.

Kwanan wata ya fi ban haushi. Excel yana ajiye 1 ga Janairu 2024 a matsayin 45292, don haka mai neman shekara da LEFT(A2,4) zai tashi da 4529. YEAR ne mai wannan aikin.

Inda ya kamata mutanenmu su fi lura shi ne rubutun Larabci. Duk da sunansa, LEFT daga farkon kalma yake yanka, wato daga dama: a محمد harafin م na farko zai kawo. Wannan daidai ne. Sai dai fataha da shadda kowanne harafi guda yake lissafa su, kuma ٢ ba ɗaya take da 2 a wurinsa ba. Bayanan da aka kwafo daga intanet kuma sukan zo da ɓoyayyar alamar da ke juya rubutu dama, wadda TRIM, mai share tazarar da ta yi yawa, ba ya gogewa. Idan LEN, mai ƙirga haruffa, ya nuna 11 a lambar iƙama, mai yiwuwa ɓarawon ke nan. A cire shi da SUBSTITUTE(A2,UNICHAR(8207),"").

Ciro sunan farko da =LEFT(A2,FIND(" ",A2)-1) yana aiki har sai an ci karo da عبد الله, ya bar mutum da عبد kawai, ko suna tilo marar tazara, ya ba da #VALUE!. TEXTBEFORE na Microsoft 365 ya fi gajarta kuma ana iya gaya masa abin da zai yi in babu tazara, amma Excel 2016 da 2019 da ke kwamfutocin shaguna da yawa ba su san shi ba.