DataMapper na IMF: ya cancanci a buɗe shi lokacin mahawarar kasafi, amma ba zai raba gardama ba

Duk ƙasar da ministan kuɗi ya kai kasafi gaban majalisa, alƙaluma biyu ake jifan juna da su: girman giɓi da girman bashi. Ɓangaren gwamnati ya ce bashin bai taka kara ya karya ba, 'yan adawa su ce an jinginar da jikoki. Wanda yake so ya duba da idonsa yakan faɗa kan DataMapper, shafin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya tanada a intanet. Kyauta ne, ba rajista, kuma yana buɗewa a waya, sai dai taswirar ta fi daɗin aiki a kwamfuta. Da Turanci ake aiki da shi.

Amfani da shi ba wuya. Ka zaɓi rumbun alƙaluma, ka zaɓi ma'auni, ka latsa ƙasashen da kake so, sai ya fito maka da taswira da zanen layi da jerin lambobi, kana iya sauke su a Excel. Ga mai bin kasafi, rumbuna biyu ne masu muhimmanci: World Economic Outlook da Fiscal Monitor. Dukansu ana sabunta su sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba. Na farkon yana komawa baya har 1980 ga ƙasashen da ke da bayanai, ya kuma yi hasashen shekara biyar gaba. Na biyun ne ya fi zurfi a harkar baitulmali, domin a nan za ka ga kuɗin shiga, kashewa, giɓi iri-iri da bashi, duk a matsayin kaso na GDP, wato jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara. Kalmar giɓi ba ita ce za ka nema ba. An rubuta shi "net lending/borrowing", kuma alamar ragi a gaban lambar ita ce giɓin.

Wurin da mutane suka fi tuntuɓe shi ne su ji ɗan majalisa ya faɗi lamba, su duba shafin su ga wata daban, su yanke cewa wani ya yi ƙarya. Sau da yawa ba wanda ya yi ƙarya. Majalisar ƙasa tana tattauna kasafin gwamnatin tsakiya ne, shi kuwa IMF a yawancin ƙasashe yana haɗa gwamnatin tsakiya da jihohi da ƙananan hukumomi da asusun fansho na gwamnati a kwando ɗaya. Sannan ga shekarar kasafi: ta Amurka tana farawa 1 ga Oktoba, ta Birtaniya da Indiya da Japan a Afrilu, ta Ostireliya a Yuli. Ƙari a kan haka, abin da ke gaban majalisa niyya ce, abin da gwamnati ta ce za ta tara ta kashe. Abin da ke shafin ko dai abin da aka riga aka kashe ne, ko kintacen ma'aikatan IMF, waɗanda sukan rage wa kuɗin shigar da gwamnati ta yi alkawari idan sun ga buri ya yi yawa. Shafin bai tsaya ya yi wa baƙo wannan bayanin a fili ba, kuma wannan aibi ne babba.

Aibi na biyu ya fi ɓoyuwa. Layin zane yana tafiya sumul daga shekarun baya zuwa na gaba, mai karatu ya ɗauka lambar bara tabbatacciya ce, alhali a ƙasashe da dama ita ma kintace ce, domin ofishin ƙididdiga bai kammala lissafi ba. Maganinsa a sauke cikakken rumbun World Economic Outlook, inda aka nuna wa kowace ƙasa shekarar ƙarshe da alƙaluman gaske suka tsaya.

Inda shafin ya biya wahalar buɗe shi shi ne wani lissafi da bai yi maka da kansa ba. Fiscal Monitor yana ba da giɓi gaba ɗaya, yana kuma ba da giɓin da aka cire kuɗin ruwa daga ciki, wanda suke kira "primary". Tazarar da ke tsakaninsu ita ce, a kusance, abin da kuɗin ruwa ke ci. A ɗauka, don misali kawai, giɓin wata ƙasa gaba ɗaya kashi 5 ne na GDP, na "primary" kuma kashi 1. Kuɗin ruwa ya ci kashi 4 ke nan. Idan kuɗin shigarta kashi 10 ne na GDP, to kashi 40 na duk abin da ta tara yana tafiya ga masu bin bashi kafin a biya malami ko a sayi allura, uwar kuɗin kuma tana nan. Wata ƙasar mai kuɗin shiga kashi 40 na GDP, wannan kuɗin ruwan kashi 10 kacal zai ci mata. Shi ya sa kwatanta kai da Japan, wadda bashinta ya haura kashi 200 na GDP, yaudarar kai ce: tana cin bashin ne da kuɗinta na yen, galibi daga 'yan ƙasarta, a kan ruwa mai sauƙi. Haka ma ƙa'idar kashi 3 na giɓi da kashi 60 na bashi da ake yawan ambatowa a zauren majalisu. Ta fito ne daga yarjejeniyar Maastricht ta 1992, an yanka ta ne daidai jikin ƙasashen Tarayyar Turai.

Sai a yi hattara da kason bashi idan ya yi tsalle. Yana iya hawa ba tare da an ciyo sabon rance ba, idan kuɗin ƙasa ya faɗi kuma bashin na dala ne. Yana iya sauka ba a biya komai ba: a 2010 Ghana ta sake auna tattalin arzikinta, GDP ya ƙaru da kusan kashi 60, kason bashi ya faɗo a takarda. Zanen zai nuna maka motsin, dalilin sai ka nemo shi a rahoton shekara da IMF ke rubutawa kan kowace ƙasa.

Akwai kuma iyakar da ba laifin masu shafin ba ce. IMF yana gini ne a kan abin da gwamnatoci suka ba shi. A 2009 Girka ta fara da hasashen giɓi ƙasa da kashi 4, sabuwar gwamnati ta ce ya haura 12, daga baya hukumar ƙididdiga ta Turai ta tsayar da shi sama da 15. A 2016 asirin basussukan da gwamnatin Mozambik ta tsaya wa wasu kamfanoni ya tonu, har IMF ya dakatar da tallafinsa. A 2025 kotun binciken kuɗi ta Senegal ta ce bashin ƙasar a ƙarshen 2023 ya kusan kashi 100 na GDP, ba wajen 74 da aka sanar ba. Kafin kowane ɗaya ya fashe, lambobin hukuma tsaf suke.

Abin da babu shi a nan yana da yawa, kuma shi ne rabin mahawarar. Ba za ka ga nawa aka ware wa lafiya ko tsaro ba, ba za ka ga wa ke bin bashin ba ko yaushe biya zai zo. Don sanin masu bin bashin waje sai rumbun basussuka na Bankin Duniya, sauran kuma sai takardun kasafin da kuma ofishin kula da bashi na ƙasar. Ƙasashen da ba mambobi ba, irin su Kyuba da Koriya ta Arewa, babu su a hasashen.

Ɗan jarida ko ɗalibi ko hadimin ɗan majalisa da zai ɗauki lamba daga nan, ya rubuta watan fitowarta tare da ita. Shafin yana nuna sabon bugu ne kawai, lambar Afrilu tana iya canzawa a Oktoba har ta shekarun da suka wuce, kuma wanda ya zo dubawa daga baya ba zai same ta ba sai ya tono tsofaffin bugu a ma'ajiyar IMF.