Taushen wata Hajiya a bayan Kasuwar Dole

Jama'a ni fa ba mai cin abincin waje ba ne, amma tunda uwargida ta tafi Mirya wankan jego dole ta sa na koma bin masu tuwo, to a haka ne wani ɗan kabu-kabu ya kai ni wurin wata Hajiya can bayan Kasuwar Dole ta Damagaram, in ka sauka daga gudron ka shiga lungu, rumfar kwano ce da benci uku, ko allo babu. Waina take yi da tuwon shinkafa, miya kuma taushe kawai.

Wallahi taushen nan ya isa. Kun san yadda wasu ke yi, su zuba tumatirin gwangwani da magi da ɗan gari ya yi kauri a ce maka taushe ne, kabewar sai ka sa fitila kafin ka gan ta. Ita ba haka ba, kaurin miyarta na kabewa ne tsantsa, irin jar nan mai gari, tana dafa ta da ƙashi har ta narke ta dame ta da ludayi, sannan gyaɗa, alayyafo, da 'yar yakuwa wadda ke kashe zaƙin don kar ya gundure ka. Waina biyar da miya da yankan nama biyu dala ɗari da hamsin (sefa 750) na biya, ban ci komai ba sai bayan isha'i.

Na ce mata Hajiya wannan ai taushen kakanni ne, ta ce ɗana kabewa tun Annabi Adamu muke cinta. Dariya kawai na yi ban ja da ita ba, amma kabewa baƙuwa ce a wurinmu. Asalinta nahiyar Amurka, a ƙasar Meziko aka fara nomanta wajen shekara 10,000 da suka wuce, kuma sai bayan 1492 jiragen ruwan Turawa suka bazu da irinta duniya, kamar dai masara da rogo da gyaɗa da barkono. Ka ga ke nan rabin tukunyar Hajiya daga can ya zo, namu na gado shi ne duma da muke fafe ƙwarya.

Ƙanwata anfirmiya ce, ita ta taɓa faɗa min jan nan na cikin kabewa shi jiki ke mayarwa bitamin A mai gyara ido, musamman yara masu dundumi, kuma sai da ɗan maiƙo hanji ke ɗaukarsa sosai, to taushe dama da mai da gyaɗa ake yi. Wajen kashi 90 cikin 100 na kabewa ruwa ne, shi ya sa ba ta sa nauyin ciki, wainar ce dai ke sa ka barci. 'Ya'yan ma Hajiya ba ta zubarwa, na ga ta shanya su a faifai, wai tana soyawa jikoki da gishiri.

Inda zan rage mata maki: ƙuda, ga zafin kwano da rana, ga rashin canji, in ka ba da jika (sefa dubu) sai ka yi zaman jira. Sannan ranar Alhamis na je ƙarfe biyu miya ta ƙare, ga ƙatuwar kabewa a gefe ba a yanka ba ina kallonta, kabewar kan kabari baƙin cikin mai taushe. Na ce Hajiya ko kaɗan ba a rage ba? Ta ce sai gobe ɗana, in an yanka ba ta kwana biyu sai ta lalace, ni kuma ba ni da firigo.

In za ku je ku je kafin azahar, ku riƙe canji, in da hali ku tafi da kwanonku ku ci a gida.