Har ƙuda sai da kuɗi: labarin hawainiyarmu a Jamus

Salamu alaikum mutanen gida. Yaya, ka ce in riƙa ba ku labarin kaya da ciniki a nan, to yau na ƙuda ne, ƙudan nan dai da muke kora da mafici a tsakar gida, don wata bakwai kenan muna kiwon hawainiya a Dortmund kuma abincinta ya koya min kasuwar ƙasar nan sosai.

Yaronku ne ya matsa yana son dabba, kare ba zai shigo mana ɗaki ba, kyanwa kuma maman su na atishawa da gashinta, shi ne muka je Hamm, garin bai kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa, inda ake cin wata babbar kasuwar macizai da ƙadangaru da kunkuru mai suna Terraristika. Nan muka sayi namiji ƴar Yaman, irin mai doguwar hula a ka ɗin nan, asalinsu Yaman da kudancin Saudiyya. Mai sayarwar ya haɗo mu da takarda mai nuna a hannunsa aka ƙyanƙyashe ta ba daga daji aka kamo ba, ya ce in adana kamar takardar gida. Na tuna yadda muke ganin hawainiya kan rama da damina a bayan gidan Baba, yara na gudu suna jifa, wallahi sai jikina ya yi sanyi.

Kuɗin hawainiyar ba komai ba ne kan kayanta. Keji dogo mai raga, fitila ɗaya ta ɗumi, wata ta daban mai hasken da ke maye mata rana, in babu shi ƙashinta laushi yake yi ƙafafu su lanƙwashe, kuma ƙwan fitilar canza shi ake ko bai mutu ba don ƙarfinsa raguwa yake. Ranar da ke dukanmu kyauta a Katsina ita nake biya a bil ɗin wuta. Ruwa ma ba ta sha a kwano, sai an fesa wa ganye safe da yamma ta lashi ɗigon.

Abinci kuma a shagon dabbobi yake, kanta guda, robobi jere, gyare da fara da kyankyasai da tsutsa duk da ransu, da kwalin ƙwai a ciki suna maƙalewa. Fara kamar goma a roba kusan yuro 3. Ka tuna farar da ake auna mana a gwangwani da yaji da gishiri? Lissafa da kanka. Gaskiya tsaftar abin ta burge ni, an san inda aka kiwata su da abin da suka ci, kana iya yin oda a intanet ma a kawo maka har ƙofa, da sanyi su saka wata ƴar jaka mai ɗumi a kwalin kar su mutu a hanya. Amma ba kullum ba, akwai shagon da na saya ranar Asabar da yamma na zo gida na tarar rabin gyaren sun mutu sai wari, ga Lahadi ko'ina a rufe, raina ya ɓaci sosai ranar.

Matsalar da ta fi damuna ita ce ta gaji da gyare. Kwana huɗu tana kallon su da ido ɗaya ɗayan idon na kan taga, ko motsi. Wani dattijo maƙwabcina da ya daɗe a harkar ya ce in ba ta abu mai tashi. Ya ara min raga mai sanda, muka fita wani fili mai ciyawa nesa da titi, yana share saman ciyawar hagu da dama, cikin minti biyar ga ƙudaje da ƙananan fara da ƙwari kala-kala, Jamusawa Wiesenplankton suke ce musu. Muka zauna muka tsince zuma da rina da duk ƙwaro mai launi mai ƙyalli, ya ce ƙwaron nan mai walƙiya da dare ma guba ne ga ƙadangaru, kar in kuskura. Na sa sauran a roba biyu ɗaya cikin ɗaya, minti kaɗan a firij su yi sanyi su daina zillo, na barbaɗa musu farin garin ƙarfafa ƙashi na sake su a kejin. Yaya ka ga yadda ta miƙe! Idanun biyu suka haɗu wuri ɗaya, ta ɗan yi rangaji, harshen ya fita ya fi tsawon jikinta ya dawo da ƙuda kafin yaron ya gama cewa Abba duba. Sha biyu ta ci a zama ɗaya.

Sai dai ƙuda ba duka ɗaya ba. Na bola da na kan mushe da kashin kare ba na kusantar su, haka gefen gonar da ake feshi ko lambun da ban san mai shi ba, don maganin ƙwari kaɗan ya isa ya kashe ta, ga tsutsar ciki. Shi ya sa bayan bazara na kai kashinta wajen likitar dabbobi da ta san irin waɗannan, ba kowane likita ke taɓa su ba sai ka nema ka yi buking, aka duba a madubin awo aka ce lafiya lau, na biya sama da kuɗin fararta na wata guda amma hankalina ya kwanta.

Yanzu sanyi ya shigo ko ƙuda ɗaya babu a waje har sai wajen Afrilu. Dabarar da dattijon ya ba ni ita ce shagon kayan kamun kifi, ana sayar da tsutsar ƙuda ta saka wa ƙugiya da arha, in ka ajiye a ɗaki mai ɗumi mako ɗaya zuwa biyu sai su zama ƙudaje, ka ba su ɗan zuma da ruwa kafin ka miƙa mata. Roba ta farko ta ƙyanƙyashe jiya.

Don Allah in damina ta sauka ka sa yara su ɗauko min hoton tamu ta gida a kan rama, kar su taɓa ta kar su jefe ta, yaron na so ya gwada launinsu. A gaida Inna da su Yaya Hajiya.